Rigar Poh Lin a Kujerar Matattu

Har yau Tauke Khoo bai ba Gaik Eng haƙuri ba. A gaban mutanen unguwa kaf ya kira ta mahaukaciyar tsohuwa, da bakin nan nasa mai haƙorin zinare, alhali duk wanda yake cikin rumfar wasa a ranar ya san wanda ya fi kowa yin abin mahaukata. Amma shi ne tauke, wato attajiri, mai kantin kayan gini, shi ne shugaban kwamitin unguwa, ita kuwa taliya take sayarwa a bakin kasuwa, saboda haka labarin da yake yawo a wannan gefen na Penang nasa ne. To ga yadda aka yi.

'Yar Gaik Eng guda ɗaya tak, Poh Lin, ta mutu bayan sabuwar shekara da kaɗan. Kanta ya sara a wurin aiki, ta faɗi, kafin a kai ta asibiti ta tafi. Ta bar miji, Chin Huat, direban motar kamfanin jatan lande, da yarinya mai shekara shida, Swee Im. Duk a gidan Gaik Eng suke zaune, gidan da mijin Gaik Eng ɗin ya gina da hannunsa. Amma ana mutuwar sai ga suruki ya zama mai gida. Ya ɗauki yarinyar ya kai ta wurin yayarsa a Ipoh har aka gama binnewa, ya dawo da ita ya ce mata Mama ta tafi aiki Singapore. Hoton Poh Lin da ya kamata a sa a kan teburin kakanni, inda ake girmama matattun gida, ya jefa shi cikin akwati. Kayan sawarta kuma, ranar da Gaik Eng take kasuwa ya kwashe su, ta dawo ta tarar da durowa fayau.

"Ma, ta yi ƙanƙanta," ya ce mata. "In ta girma za ta gane da kanta."

"Da kanta? Kamar yadda ake gane gashin hammata?"

"Ma, ki yi a hankali, tana jin ki."

"'Yata ce ta mutu, Chin Huat. Ni na haife ta. A gidana ba zan yi kukanta ba?"

"Ki yi a zuci."

A zuci! Tsohuwar da ko farashin albasa ba ta iya faɗa a hankali ba. Sai ta koma shiga bayi tana sakin famfo, ta yi kukanta cikin ƙarar ruwa, ta fito ta ce sabulu ne ya shiga idonta. Shinkafar da ake ajiye wa mamaci kuma, a bayan murhu take ɓoye ta kamar kayan sata. Kullum da yamma Swee Im za ta zauna a bakin ƙofa ta tambaya ko Mama ta bugo waya, uban ya ce ta bugo kina makaranta, ta bugo kina wanka, ta ce a gaishe ki. Gaik Eng tana yanka ganye tana jin su, wuƙar tana cin katako.

Aka shiga wata na bakwai, aka buɗe wa matattu ƙofa su zo ganin gida. Kwamiti ya kafa rumfa a filin bayan gidan Gaik Eng, aka ɗauko 'yan wasan kwaikwayo kamar kowace shekara. Wasan yamma shi ne na yara da tsofaffi. Tun Gaik Eng tana goye uwarta take kai ta, ita ma tun Poh Lin tana goye take kai ta, kuma a layi na uku suke zama, kusa da turken tsakiya. Bana ma ta dafa gyaɗa, ta taje wa Swee Im kai, suka je suka zauna kusa da maƙwabciyarta Suan Bee. Chin Huat yana bayan dandamali, shi aka ɗora wa kula da injin wuta.

Layin gaba, jajayen kujerun nan, na baƙi ne, wato matattu. Ko yaron da yake rarrafe ya san ba a zama a can.

Aka buga kuge, aka ja labule. Labarin wata mata ce mai tuƙa kwalekwale tana ƙetarar da mutane, da 'yarta ƙarama, da wani kawunsu wawa mai farin fenti a hanci. Ana cikin haka takalmin Swee Im ya faɗi ƙarƙashin kujera. Gaik Eng ta sunkuya ta lalubo shi. Da ta ɗago, akwai mutum a layin gaba.

Mace ce, a kujerar tsakiya, ta ba su baya. Gashi ɗaure da roba. Koriyar riga mai ƙananan furanni rawaya. A kafaɗar hagu kuma ga faci, an ɗinke da baƙin zare. Gaik Eng ta san zaren nan. Ita ta ɗinka da hannunta, ranar da koren zare ya ƙare mata, Poh Lin ta yi ta mita wai an ɓata mata riga.

Ta rufe ido. Ta buɗe. Tana nan.

Ta waiwaya. Rumfa cike da mutane, kowa idonsa a kan dandamali, wuya a sandare kamar an ɗaure su da kara. Ba wanda ya ko kalli layin gaba. Kuma ai kowa ya sani, ba mai ganin baƙi sai wanda sa'arsa ta faɗi, ko wanda lokacinsa ya kusa. Wanda ya buɗe baki ya ce ya gani, gobe ba mai sayen taliyarsa.

Ta ɗan zunguri Suan Bee.

"Suan Bee, kujerun gaba sun yi kyau bana, ko?"

"Waɗanne kujeru? Ni wasa na zo kallo."

"Ba ki ga komai ba?"

"Me zan gani? Idona ƙalau, sa'ata ƙalau. Ke kin ga wani abu ne?"

"Ni? Uwar me zan gani."

Suan Bee ta ɓare gyaɗa, ta yar da ƙwayar, ta jefa ɓawon a baki ta yi ta tauna. Gaik Eng ta ga haka, amma ta rasa me za ta yi da shi. Ko Suan Bee tana gani tana ƙarya? Ko kuwa tsufa ne ya kama maƙwabciyar, don ai kwanan baya ma ta zuba gishiri a shayi? In ita Gaik Eng kaɗai take gani, to nata ya zo ke nan, kuma wa zai riƙe yarinyar, wannan surukin mai kama da dafaffen kabewa? An ce baƙi ba su da inuwa. To duk rumfar ai inuwa ce. An ce ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Ta leƙa, kujeru sun tare. Tana cikin leƙen matar ta ɗaga hannu ta sosa bayan kunnenta da ƙaramin yatsa, sak yadda Poh Lin take yi. Gaban Gaik Eng ya faɗi.

Sai ga Tauke Khoo. Ya taho daga teburin hadaya da kofin shayi a hannu biyu, yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, idonsa a rufin rumfa. Ya isa layin gaba, ya ajiye kofin a kan kujerar da take kusa da matar, ya rusuna sau uku, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Haka kawai na ajiye wannan," ya faɗa da ƙarfi, yana kallon turke. "Ba don kowa ba."

Matar ta miƙa hannu ta ɗauki kofin, ta hura, ta kurɓa.

Mai kuge ya buga a inda ba a bugawa. Mai goge ya tsaya cak, ya ci gaba. 'Yar wasan da take fitowa a mai kwalekwale ta juya ta koma can ƙarshen dandamali tana rera waƙarta ga bangon kwano. Gaik Eng kuwa abin ya ƙara dagule mata. Shekara nawa tana ganin ana ajiye wa baƙi shayi, ba ta taɓa ganin kofi ya ragu ba. Ko sababbin matattu ne ba su iya ba tukuna?

A kan dandamali hadari ya taso. Mutum biyu suka kama shuɗin ƙyalle suna kaɗawa, kwalekwale ya kife, matar ta ɗaga hannu ta ɓace a bayan ƙyallen. Yara suka yi ihu. Swee Im ba ta yi ba. Ta ja rigar kakarta.

"Ah Ma, ga Mama can."

Gaik Eng ta rufe mata baki da tafin hannu. Yarinyar ta ture.

"Ta dawo daga Singapore! Ah Ma, me ya sa ta zauna a kujerar matattu? Je ki gaya mata ta tashi, za su yi fushi da ita."

"Yi shiru. Kalli wasa."

"To ni bari in je."

Ta zame daga kujera. Gaik Eng ta cafko ta a gwiwar hannu, da ƙarfin da sai da yarinyar ta yi ƙara. Yarinya ma tana gani? 'Yar shekara shida, wace sa'a ce tata za ta faɗi? Sai wani tunani ya zo mata, ya fi duk na baya muni: ko ɗaukarta ta zo yi. In Swee Im ta isa kujerar nan ta riƙe hannun uwarta, wa ya san inda za su tsaya?

Nan tsoro ya koma fushi. Dama fushin yana nan tun sabuwar shekara, bai samu inda zai sauka ba. Ta ɗora Swee Im a cinyar Suan Bee ta ce, "Riƙe ta, in kika sake ta sai na karya miki sauran haƙoran." Ta miƙe, ta ture kujerun layi na biyu, ta tsaya a bayan koriyar rigar ta kama ƙugu.

"Poh Lin! Ke! Wasa kika zo kallo?"

Kiɗa ya mutu.

"Gidanmu yana bayan rumfar nan, hanyar ce kika manta? Kin tafi ba sallama, ba ki ce Ma ga abin da yake damuna ba, kin bar ni da yarinya, kin bar ni da wancan da ba ya iya faɗar magana ɗaya ta gaskiya, yanzu kin zo kin hakimce a gaba kamar matar gwamna! Shayin Khoo kika sha? Shayin da ko kare ba ya lasa? Shinkafar da nake ɓoye miki a bayan murhu fa, sau ɗaya kin taɓa? Ko a mafarki ba ki zo mini ba, ko a mafarki! To ki ji da kyau, yarinyar nan ba inda za ki kai ta. Juyo ki kalle ni ina miki magana!"

Ta damƙi kafaɗar, daidai kan facin. Da ɗumi.

Matar ta juyo. Kumatunta duka biyu fari fat, kamar an shafa mata gari. Wata a baya ta ƙwalla ƙara, wani tsoho ya faɗo daga kujera da ƙafafu a sama, Tauke Khoo ya shige bayan teburin hadaya. Gaik Eng ta tsaya tana kallon fuskar. Ba hancin Poh Lin ba ne. Ba idonta ba ne. Mutuwa tana sauya wa mutum hanci?

"Af!" wani ya ce daga can gefe. "Ai Ma Nwe ce. 'Yar ci-rani daga ƙasar Bama, mai ɓare jatan lande a kamfani. Farin nan ai na kwalliyarsu ne."

Ma Nwe ta miƙe da kofi a hannu, tana kallon wannan tana kallon wancan. Yaren garin nan bai zauna a bakinta ba tukuna.

"Kujera ba kowa," ta ce. "Ni son wasa. Garinmu wasa, kowa gaba. Tauke ya ba shayi. Na gode, Tauke."

Sai ga shi ashe kowa ya gan ta tun farko. Kowa! Suan Bee ta tofar da ɓawon gyaɗa ta ce ita tun shigowarta ta gane ta, ba ta dai son shiga abin da ba ruwanta. Tsohon da ya faɗi ya ce ƙafar kujerar ce ta karye. Aka fashe da dariya, irin ta mutanen da suka kusa yin fitsari a wando. Tauke Khoo ya fito daga bayan tebur yana gyara riga, fuskarsa ja kamar an tsoma ta a ruwan zafi, yana neman wanda zai sauke wa kunyarsa. Bai nufi 'yar Bama ba, don ita ta riga ta gode masa a gaban jama'a.

"Kin ga abin da kika yi?" ya daka wa Gaik Eng tsawa. "Kin tsayar da wasa, kin ɓata wa baƙi rai, kina zagin mutane a wuri mai daraja! Mahaukaciyar tsohuwa kawai!"

"Ni ce mahaukaciya? Wa ya rusuna mata sau uku?"

"Kujera na rusuna wa!"

"Kujerar ce ta sha shayin?"

"A fitar mini da ita!"

Ba wanda ya motsa. Hayaniyar ce ta fito da Chin Huat daga bayan dandamali, hannunsa duk baƙin mai. Yana ganin rigar ya tsaya. Ma Nwe ta gan shi, fuskarta ta washe, ta samu wanda ta sani.

"Direba!" ta ce tana nuna shi. "Shi kawo kaya, buhu babba, ya raba mana. Riga kyau."

Gaik Eng ta juya ta kafe surukinta da ido. Kayan 'yarta, a buhu, kamar ɓawon jatan lande.

Suan Bee dama ta saki yarinyar tun lokacin ihun. Swee Im ta ratso ta tsakanin ƙafafun manya, ta tsaya gaban Ma Nwe, ta daɗe tana kallon fuskarta. Ta miƙa hannu ta kama gefen rigar.

"Baba, rigar Mama ce."

"Eh, tata ce," Chin Huat ya ce, muryarsa kamar ta akuya. "Ta yi mata kaɗan. Ta sayi sababbi a Singapore."

"Ba ta yi mata kaɗan ba."

Wawan nan mai farin hanci ya buga ƙafa a kan katakon dandamali.

"Jama'a!" ya ce. "Na yarda naku wasan ya fi namu daɗi, amma mu aka ɗauko. Ku zauna mana, baƙi na gaskiya suna jira, su ko shayi ba a ba su ba."

Aka yi dariya, aka zazzauna. Ma Nwe ta tsaya ta rasa inda za ta nufa, don duk layin da ta kalla sai mutane su baza gwiwa. Wani ya yi mata bayanin kujerun gaba a kunne, ta dafe ƙirji ta hau neman gafarar kujera da yarensu. Gaik Eng ta ja ta ta zaunar da ita kusa da su, ba don tana sonta ba, don dai ba ta so rigar ta yi nisa da ita. Chin Huat ya juya zai koma wurin inji.

"Tsaya nan jikin turke," ta ce masa. "Inji ba zai mutu ba. In ma ya mutu sai ka ce ya tafi Singapore."

Ya tsaya.

Wasa ya ci gaba. 'Yar mai kwalekwale tana tsaye a bakin kogi tana jiran uwarta. Matar da take fitowa a yarinyar ta haura hamsin, amma da fenti da ƙaramar murya ba ka ganewa. Ta tambayi kawunta ina Inna. Wawan ya sosa kai ya ce ta tafi kasuwa a ƙetare. Ta ce ai an tashi kasuwa. Ya ce wata kasuwar ce, ta gaba da waccan. Ta ce yaushe za ta dawo. Ya ce layin mai kifi ne ya yi tsawo, har ya zagaye dutse. Kowace ƙarya ta fi ta baya girma, yara suna ta dariya suna yi masa ihu kamar yadda ake yi kowace shekara, shi kuma yana yi musu gwalo.

Swee Im ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Gaik Eng tana jin jikin yarinyar ya yi tauri a gefenta. Can sai Swee Im ta hau kan kujera ta tsaya.

"Ƙarya yake yi miki!" ta yi ihu. "Ta nutse! Mun gani!"

Wawan ya taho bakin dandamali a kan yatsun ƙafa, ya sa yatsa a leɓe.

"Ke 'yar ƙanƙanuwa, rufa mini asiri mana. In na gaya mata kuka za ta yi."

"To ta yi mana!"

"Ta yi ƙanƙanta."

"Ba ta yi ba! Kullum tana tsaye tana jira. Ƙafarta tana ciwo!"

Wawan ya buɗe baki da amsar da zai ba mutane dariya. Sai ya kalli yarinyar, ya kalli koriyar rigar da take gefenta, ya kalli mutumin da yake jikin turke da baƙin mai a hannu. Baƙo ne a unguwar, amma yana da kunne, ya ji duk abin da Gaik Eng ta faɗa ɗazu. Ya rufe bakin.

"To," ya ce. "Na ji."

Ya koma ya durƙusa gaban 'yar mai kwalekwale, ya gaya mata. Ba a nan ake faɗa mata ba, sai can ƙarshen wasa, don haka makaɗa suka rikice, mai kuge yana kallon mai goge, mai goge yana kallon sama. 'Yar wasan ta ja waƙar kukan ita kaɗai ba kiɗa, goge ya biyo ta daga baya.

Swee Im ta sauko daga kujera. Ba ta kalli kakarta ba. Ta tafi wurin turke.

"Baba."

"Na'am."

"Ah Ma ta ɗauka matar nan Mama ce. Ta kira ta Poh Lin."

"Eh, kuskure ta yi. Rigar ce."

"Ta yi ta yi mata faɗa. Amma ba ta ce mata ta tashi daga kujerar matattu ba. Me ya sa?"

Chin Huat ya ɗago ya kalli Gaik Eng, irin kallon wanda ruwa ya ci yana neman a miƙo masa gora. Ba ta miƙa masa komai ba. Ta ɓare gyaɗa ta jefa a baki tana kallonsa. Ya goge hannu a wando, ya sake gogewa. Ya tsuguna har kansa ya yi daidai da na yarinyar.

"Mama ba Singapore ta tafi ba, Swee Im. Ta mutu. Tun lokacin da na kai ki Ipoh."

Yarinyar ta kai masa duka a ƙirji da hannu biyu, ta sake kai masa, sannan ta faɗa jikinsa. Shi ya riga ta fashewa. Gaik Eng kuwa ta tofar da gyaɗar, ta buɗe maƙogwaro ta saki kukan da take ba famfo tun sabuwar shekara, tana kiran sunan Poh Lin da ƙarfi. Ba wanda ya ce ta yi a zuci. Dama wurin kuka ne a wasan, tsofaffin mata duk sun fito da hankici, kowacce tana da wanda take yi wa. Ma Nwe ma tana yi, hawaye suna wanke mata farin kumatu, ta kama hannun Gaik Eng ta riƙe gam. Kukan kan dandamali da na ƙasa suka haɗu, har ba ka iya cewa wa yake raka wa.

Washegari Ma Nwe ta kawo rigar a wanke a goge, ta ƙi shigowa, ta miƙa daga bakin ƙofa. Da yamma Swee Im ta ɗauke ta zuwa rumfa, ta shimfiɗa ta a jikin kujerar tsakiya ta layin gaba, ta zauna a bayanta daidai, a layi na biyu. Duk wasan tana sunkuyawa tana yi wa rigar raɗa: wancan mugu ne, kada ki yarda da shi, wannan shi ne mai ƙaryar jiya. Hoton ya fito daga akwati ya hau teburin kakanni, shinkafa ta bar bayan murhu. Amma yarinyar ta daɗe ba ta bari kakarta ta taje mata kai ba.

"Ke ma kin sani," ta ce mata. "Ke ma ba ki faɗa ba."

Gaik Eng ba ta ƙirƙiro mata wata ƙarya ba.

Abin da har yanzu bai zauna mata ba shi ne sosa kunnen nan. Ta sa ido a kan Ma Nwe sau da yawa, a kasuwa, a bakin kamfani, ba ta sake ganin ta yi ba. Kuma kujeru nawa ne a layin, me ya sa ta tsakiya, wadda Poh Lin tana ƙarama take kuka sai ta hau, har ta sha mari a kanta? Ta tambayi Ma Nwe. Ma Nwe ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Ban sani ba, Ah Ma. Ƙafa ta kawo ni." Suan Bee ta ce a bar maganar nan. Gaik Eng ba ta san ko ta yi wa 'yarta faɗa ba ne, ko ta yi wa 'yar mutane. Wani lokaci tana juya taliya sai ta ji kunya, wani lokaci sai ta ji daɗi, ta ce to ai ko ba komai Poh Lin ta ji.

Tauke Khoo yana cewa baɗi ba za a ɗauko 'yan wasa ba, wai suna jawo rigima, mawaƙa masu lasifika za a kawo, waɗanda ba sa jin abin da yaro yake faɗa musu ko da ya tsage maƙogwaro. Kuma duk inda ya zauna sai ya ba da labarin tsohuwar da ta zagi fatalwa. Shayin nan bai taɓa shiga labarinsa ba.

Saboda haka kowace safiya, kafin ta kai kurar taliyarta kasuwa, Gaik Eng tana tsayar da ita a ƙofar kantinsa, daidai inda motar siminti take shiga.

"Yaya, matsar da kurar nan mana," yake cewa daga ciki.

"'Yan wasa nake so baɗi. Kuma ka ba ni haƙuri."

"Haba, Yaya, abu ya wuce."

"Bai wuce ba. Ka rusuna wa mai ɓare jatan lande sau uku, Khoo. Ni sau ɗaya nake nema."